Matakan Binciken Allon Uwar Garke Idan Ya Ƙi Tashi

Babban allo shi ne ƙashin bayan kwamfuta uwar garke. In ya ƙi tashi, duk kwamfutocin da ke dogaro da ita sun shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Mai gyara yakan fara da wuta, wato filogi mai haƙora 24 da mai 8 na firosesa. Daga nan ya saurari kukan BIOS, domin kowane kuka da fassararsa a littafin kamfani. In shiru, sai ya auna batirin CR2032, ko ya kai bolt 3, ya cire kome in ban da firosesa da RAM guda. Idan allon ya farfaɗo, ya mayar da kayan ɗaya-ɗaya. Wanda ya sake sumar da shi, shi ne mai laifi.