Yadda Ɗan Cirani Zai Riƙe Kuɗinsa a Sabha

Mafi yawan 'yan'uwanmu da ke Sabha ta ƙasar Libiya, ko daga Damagaram suka fito, ko Tawa, ko Maraɗi, ko Kano, ba albashin wata suke ci ba. Da sassafe ake fita a tsaya bakin titi, mota ta tsaya, mai ita ya ce yana son mutum biyu su kwaɓa siminti ko su sauke kaya. Yau a samu, gobe a wuni a tsaye a dawo hannu rabbana. Wasu kuma suna gonakin bayan gari, ga ban ruwa ga kiwo. Mai irin wannan samu, in ya ce sai kuɗi sun taru zai yi lissafi, to ba ranar yi. Ranar da suka shigo hannu, ranar ake raba su, tun kafin a leƙa shago.

Ɗan'uwa, fara da sanin abin da kake ci a mako. Samu ƙaramin littafi ka rubuta komai na kwana bakwai: burodi, shayi, sukari, kuɗin ɗaki, kuɗin mota, katin Libyana ko Almadar. Za ka ga katin waya da sigari da lemon kwalba suna cin abin da ya kai kuɗin abinci. Kayan masarufi daga bakin teku ake kawo su, tafiyar fiye da kilomita 700 daga Tarabulus, don haka sayen ɗai-ɗai a nan asara ce. Ku da kuke ɗaki ɗaya ku haɗa kuɗi ku sayi buhun shinkafa, katan na makaroni, mai da tumatirin gwangwani, ku ɗora tukunya ɗaya. Wanda bai samu aiki ba yau zai ci, gobe shi zai ciyar.

Kada ka bar haƙƙinka ya taru a hannun mai gida. Akwai masu amana a cikinsu, Allah Ya saka musu, amma ba ka da takardar zama balle kotun da za ka kai ƙara. In ya ce "bari in ajiye maka sai za ka tafi", ka yi masa godiya ka roƙi a riƙa sallamarka duk Alhamis. Ku yi ciniki kafin ka ɗauki shebur, a gaban shaida. Wanda ya riƙe maka na mako biyu, ka nemi wani wurin. Asarar mako biyu ta fi ta wata shida sauƙi.

Inda na fi so mu tsaya shi ne batun ajiya. Baƙo ba ya samun buɗe asusun banki cikin sauƙi, su kansu 'yan ƙasa shekaru suke yi suna bin layi a ƙofar banki saboda ƙarancin tsabar kuɗi. Sai mutum ya ɗinke dinari cikin katifa ko ƙugun wando. Ɓarawo da ɗan bindiga sun san wannan maɓoya. Ko ba su zo ba, kuɗin na narkewa a inda suke. A watan Janairun 2021 Babban Bankin Libiya ya mayar da dala ɗaya dinari 4.48, a Afrilun 2025 ya sake karya darajarsa da kashi 13.3 cikin ɗari, kasuwar bayan fage kuwa kullum tana gaba da haka. A ƙarshen Afrilun 2025 ɗin ne kuma aka daina karɓar takardar dinari 50. Wanda yake can cikin gona bai ji labari ba, ya fito da damin hamsin-hamsin, gumin wata da watanni ya zama takarda.

Saboda haka ka riƙa aikawa gida kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Tambayi farashi wurin masu aike biyu ko uku kafin ka miƙa, ka fara gwada sabon mutum da ɗan abu, kuma kada ka huta sai an kira ka daga gida an ce an karɓa. Ɗan Nijar yana da sa'a ɗaya: sefa a ɗaure take da yuro, jikar da ya ajiye ba ta zubewa kamar dinari. Ɗan Najeriya kuwa ya ga abin da ya sami naira tun 2023, gara ya sa a saya masa tunkiya, ko buhun gero lokacin kaka, ko a fara tara bulo.

Kuma ka raba aiken gida biyu, ka faɗa musu da bakinka: wannan na cefane ne, wannan nawa ne, ba a taɓa shi. Zaɓi mutum ɗaya mai tsoron Allah ya riƙe maka. Mutanen gida suna ganin duk wanda ke Libiya kuɗi yake shara, kowane biki da suna sai an kira ka. Cewa "ba ni da hali a wannan watan" ba yanke zumunci ba ne. Abin tausayi shi ne mutum ya shekara uku cikin sanyin Sabha da zafinta, ya koma ya tarar ko akuya babu.

Abin da za ka riƙe a nan kashi biyu ne kawai: kuɗin magani da na kwanakin da ba aiki, sai kuɗin motar komawa Agadas ta Gatrun da Dirku. Waɗannan ko adashi kada ka zuba su, domin a garin da ake kame, mai kwasa na iya ɓacewa ba da son ransa ba. In za ku yi adashin, ku yi gajere, mutum huɗu ko biyar 'yan gari ɗaya da kuka san gidajen juna.

In ƙaninka ya kira yana son tahowa, ka tambaye shi ko kuɗin motarsa sun cika. In ya ce direba ya yarda a biya in an iso, ka hana shi. Hanyar gidan bashi ke nan, inda ake kulle mutum ana dukansa ana kiran iyayensa a waya har sai sun sayar da gona. Ya yi haƙuri ya ƙara damina ɗaya a gida, ko kai ka cika masa daga abin da ka ajiye.