Shin Koyon Asembili a Manhajar Kwaikwayo Ilimi Ne na Gaske?

Tambaya: Malam, ina aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta. An ce mu koyi yaren asembili da manhajar da ke kwaikwayon furosesa, wadda ake kira simuleta, ba mu taɓa ainihin na'urar ba. Kuma furosesan da ake koya mana, 8085, ya girmi iyayen wasunmu. Anya ba ɓata lokaci muke yi ba? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba a cuce ka ba. Gaskiya ne 8085 tsoho ne, kamfanin Intel ya fitar da shi tun 1976. Amma ƙanƙantarsa ce ta sa malamai suka riƙe shi. Rajistocinsa na aiki, wato 'yan ma'ajiyar da ke cikin furosesa, guda bakwai ne kacal: A, B, C, D, E, H da L, kowace tana ɗaukar bit 8. Abin da za ka iya riƙewa a ka ne gaba ɗaya. Furosesan da ke cikin wayarka kuwa, littafin bayaninsa ma dubban shafuka ne.

Ainihin furosesa yana aiwatar da miliyoyin umarni kafin ka ƙifta ido, ba kuma zai nuna maka abin da ya yi ba. Simuleta ita ce ke tsayar da shi, ta buɗe maka cikinsa. Buɗe GNUSim8085, wadda kyauta ce, ka rubuta layi biyu: MVI A, 0C8H sannan ADI 64H. Ma'ana, sa 200 a rajistar A, ka ƙara mata 100. Kafin ka danna komai, rubuta amsar da kake tsammani a takarda. Sai ka danna maɓallin mataki ɗaya, ka sake dannawa. A za ta nuna 2C, wato 44, ba 300 ba, tutar CY kuma ta tashi daga 0 zuwa 1. Bit 8 ba ta wuce 255, don haka 256 ta zube, saura 44, tutar kuma ta shaida cewa an yi ambaliya. Ranar da ka ga wannan da idonka, za ka fahimci dalilin da lissafi ke karkacewa a yaren C in lamba ta fi ƙarfin mazauninta.

Abin da ke damuna da ɗalibai da yawa shi ne, sai su kwafi aikin aboki, su danna maɓallin gudu, amsa ta fito, su rufe kwamfuta. Wannan kam ɓata lokaci ne. Amfanin simuleta yana cikin tafiya taki-taki: ka yi hasashe, ka danna, ka duba rajista da mimori, in kun saɓa ka nemi dalili.

In ka ƙware a 8085, gwada MARS, wadda Pete Sanderson da Ken Vollmar suka samar don furosesan MIPS mai rajista 32. Tana buƙatar Java, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta. RARS kuma ƙanwarta ce, an yi ta don RISC-V, tsarin da aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010.

Sai dai ka san iyakarta. A MARS, in ka sa 1 a rajistar $v0 ka kira umarnin syscall, lamba za ta fito a allo. Manhajar ce ta yi maka wannan hidimar, a na'ura tsirara kai za ka rubuta ta. Haka ma ainihin lokacin da kowane umarni ke ci, ba kasafai take nuna shi daidai ba. Don haka in hali ya samu, ku haɗa kuɗi da abokan karatunka ku sayi allon Arduino Uno, ku rubuta asembili na furosesansa, ATmega328P, da zai kunna 'yar fitila ya kashe. Allah ya ba da sa'a.