Yadda Ake Ɗaukar Riƙon Ɓerayen Masar Biyu Daga Gidan Kula da Dabbobi

A Ingila, mai sha'awar kiwon ɓeran Masar ba sai ya saya ba. Ƙungiyoyi irin su RSPCA, wadda aka kafa a 1824, suna da gidajen da ake tara dabbobin da masu su suka kasa riƙewa, ana kula da su har a samu mai ɗauka. Idan ɓeraye biyu sun shaƙu a can, ma'aikatan ba sa yarda a raba su, kuma ina ganin sun yi daidai.

Asalin dabbar nan tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, inda danginta na daji ke rayuwa cikin garke. Wanda aka bari shi kaɗai yakan lafe a lungu, ya rage cin abinci. Shi ya sa tun 2008 dokar ƙasar Suwizalan ta hana ajiye guda ɗaya tak. Haɗa baƙin juna kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, musamman maza biyu, don sukan yi faɗa har da cizo. Wanda ya ɗauki waɗanda suka riga suka saba ya huta da wannan wahalar.

Keji za ka fara tanada, tun kafin ka nema. Ga guda biyu, kada ya gaza santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi. Ƙasansa ya zama shimfiɗaɗɗe, domin ragar waya tana ji musu ciwo a ƙafa. Ka sa maɓoya biyu da kwanon abinci biyu, saboda ko aminai sukan so ɗan sararawa.

Daga nan sai cike takardar nema. Za a tambaye ka yanayin gidanka, ko akwai kare ko kyanwa, a nemi hoton kejin, wani lokaci ma a zo a duba da ido. Ranar da ka je ganinsu, kada ka yi gaggawa. Tsaya ka kalli yadda suke ci tare. Ka tambayi shekarunsu da lafiyarsu, idan kuma namiji da mace ne, ka tabbatar an dandaƙe namijin, don macen tana iya ɗaukar ciki tun tana 'yar makonni kaɗan. Sai ka biya kuɗin da aka yanka, ka sa hannu.

A akwati ɗaya za ka ɗauko su, tare da ɗan abin shimfiɗarsu na da, saboda warin da suka sani yana kwantar musu da hankali. Kwanakin farko ka ƙyale su, ban da yawan ɗauka, ka kuma ja wa yara kunne.

Busasshiyar ciyawa ce babban abincinsu, kada ta yanke, domin haƙoransu ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Jikinsu ba ya samar da bitamin C, sai an ba su ganye da tattasai marar yaji kullum. Zafin da ya haura digiri 26 yana iya halaka su, abin da masu kiwonsu a ƙasashenmu ya kamata su riƙe sosai. Kada a haɗa su da zomo a keji ɗaya.

Sukan yi shekara 5 zuwa 7. Idan ka ga ɗaya ya daina ci, kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, kuma ka tafi da ɗan'uwansa.