Atenolol, Bisoprolol ko Propranolol: Wanne Ya Dace da Mai Hawan Jini?

Idan sunan ƙwayar hawan jinin da kake sha ya ƙare da "lol", to daga dangin beta-blocker take. Aikinsu rage gudun bugun zuciya da ƙarfinsa, sai jini ya sauka. Na farkonsu da ya yaɗu a duniya shi ne propranolol, wanda James Black, ɗan Birtaniya, ya ƙirƙiro, har aka ba shi kyautar Nobel a 1988.

Kafin a kwatanta su, ka tambayi likitanka dalilin da ya sa ya zaɓa maka wannan dangi. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ba sa cikin magungunan da ake fara ba mai hawan jini zalla. Mu baƙar fata ma, jininmu ya fi sauka da irin su amlodipine ko ƙwayar da ke sa fitsari. Inda beta-blocker ke da ranarsa shi ne idan akwai wata larura tare da hawan jinin, kuma ita larurar ce ke zaɓar maganin.

Wanda zuciyarsa ta yi rauni, ƙafafu na kumbura, numfashi na sarƙewa, bisoprolol ko carvedilol ko metoprolol mai narkewa a hankali su ne aka tabbatar suna rage mutuwa. Atenolol, duk da arharsa da samuwarsa a kowane kemis, ba ya cikin wannan sahu. Ta ƙoda yake fita daga jiki, don haka mai ciwon ƙoda sai an rage masa adadi.

Mai asma ya nisanci propranolol da carvedilol da labetalol, domin suna iya matse hanyoyin numfashi. Bisoprolol da nebivolol sun fi tsayawa kan zuciya, amma su ma sai da sa idon likita. Propranolol kuwa yana da amfani ga mai ciwon kai na ɓari ɗaya ko rawar hannu, sai dai wasu kan yi munanan mafarkai da shi.

Mai juna biyu, labetalol ne nata. Atenolol na iya hana jariri girma a ciki, saboda haka idan kina shan sa kika samu ciki, ki garzaya asibiti a canza miki.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ciwon suga. Waɗannan magunguna kan ɓoye faɗuwar gaba da karkarwar da ke sanar da mutum cewa sugansa ya yi ƙasa. Gumi ne kan rage, don haka kada ka raina gumin da ya karyo maka ba dalili, balle lokacin azumi.

Ka koyi ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunka. Idan ya gaza 50 a minti ɗaya, ko jiri na ɗibar ka, ka sanar da likita. Kasala da sanyin hannu da raunin mazakuta su ma suna faruwa. Faɗa masa ba kunya, akwai canji. Amma kada ka daina sha rana ɗaya don kanka, domin zuciya na iya zabura har ta buga. A hankali ake janye shi, cikin mako ɗaya ko biyu. Idan naka ya ƙare a kemis, kada ka yarda a musanya maka da wani "lol" ɗin, domin miligiram 5 na bisoprolol ya kusa kai ƙarfin 50 na atenolol.