Maguɗi Ne Ko Kuskuren Ma'aikata?

Da zarar an kammala zaɓe, daga kasuwar Maigatari har majalisun Gumel magana ɗaya ake ji: an yi maguɗi! Mu ɗalibai ya kamata mu iya rarrabewa. Maguɗi shi ne karkatar da sakamako da gangan, kamar sayen ƙuri'a ko dangwale takardu. Kuskure kuwa na ma'aikacin da ya gaji ne, ko wanda bai samu horo sosai ba.

Mu leƙa Kano. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, INEC ta ce Abba Kabir Yusuf ya samu ƙuri'u 1,019,602, Nasiru Gawuna kuma 890,705. A watan Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke wa Abba ƙuri'u 165,663, saboda takardun ba hatimi ko sa hannu. To, wa ke buga hatimin? Jami'in rumfa ne, galibi ɗan bautar ƙasa irin waɗanda ke koyar da mu. Mai jefa ƙuri'a ba ruwansa. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta maido da ƙuri'un. A lokacin, sashe na 63 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya yarda a ƙirga irin waɗannan takardu idan jami'in tattara sakamako ya gamsu cewa daga hukumar suka fito.

Maguɗi na faruwa, ba mu musa ba. Sai dai ɗan takarar da ke zargi, ko a mazaɓarmu ta Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, kwana 21 yake da su bayan bayyana sakamako ya kai ƙara, da hujja rumfa-rumfa.