Kakakin Da Aka Tsige Kuma Ya Dawo: Darasi Daga Majalisar Dutse



A makon jiya, da aka fita tara, mu 'yan ƙungiyar jarida mun zaga azuzuwa da tambaya ɗaya: wane ne ɗan majalisarmu na jiha? Da yawa suka ce Gudaji Kazaure. Wani ma cewa ya yi ciyaman. Ba mu yi wa kowa dariya ba, domin mu ma sai da malaminmu ya gyara mana. Honorabul Muhammad Gudaji Kazaure a Majalisar Wakilai ta Abuja ya zauna, inda ya wakilci Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi daga 2015 zuwa 2023. Shi kuwa ɗan majalisar jiha a Dutse yake zama, kuma kujerarsa daban ce.

Majalisar Dokoki ta Jihar Jigawa tana da kujeru 30, alhali ƙananan hukumominmu 27 ne. Ina ukun suka fito? Akwai ƙananan hukumomin da aka raba gida biyu. Maƙwabtanmu na Babura suna da mazaɓar Babura da ta Kanya, Kafin Hausa tana da ƙarin Bulangu, Gwaram kuma tana da ƙarin Fagam. Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi kuwa kowace kujera ɗaya gare ta. Tsarin mulkin ƙasa ya ce kada majalisar jiha ta gaza mutum 24, kada kuma ta wuce 40.

Don mu gane yadda rayuwar ɗan majalisa take, mun ɗauki labarin mutum ɗaya. Ba ɗan masarautarmu ba ne, amma ya daɗe yana shugabantar zauren da wakilanmu suke zama a ciki. Shi ne Honorabul Idris Garba Kareka, wanda ya wakilci mazaɓar Jahun.

A 2015, shekarar da Muhammad Badaru Abubakar, mutumin Babura, ya ci zaɓen gwamna a jam'iyyar APC, sabuwar majalisa ta zaɓi Idris Garba ya zama kakaki, wato shugabanta. Bai cika shekara biyu ba, a watan Janairu na 2017, 'yan majalisa suka tsige shi, suka ɗora Isa Idris mai wakiltar Gwaram. Mai karatu zai ɗauka labari ya ƙare ke nan. Ina! A watan Mayu na 2019, ana dab da rufe wannan majalisar, sai aka tsige Isa Idris, aka maido da Idris Garba kan kujerar da aka ƙwace masa. Da sabuwar majalisa ta zauna a watan Yuni aka sake zaɓarsa, ya riƙe har zuwa 2023. A watan Yuni na 2023 ne majalisa ta zaɓi Haruna Aliyu Dangyatin mai wakiltar Miga.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, da wanda aka tsige da wanda ya gaje shi duk 'yan jam'iyya ɗaya ne. Da mun zaci faɗan siyasa tsakanin jam'iyyu kawai ake yin sa. Ashe har a cikin gida ana yi.

To, yaya za a tsige mutum kuma ya ci gaba da shiga majalisa? A nan darasin yake. Kakaki yana da kujera biyu, kuma masu ba shi su daban-daban ne. Ta farko mutanen mazaɓarsa ne suka ba shi da ƙuri'unsu a akwati. Ta biyu abokan aikinsa ne suka ba shi a cikin zaure. Wadda abokan aiki suka bayar suna iya karɓewa ba tare da zuwa kotu ba, muddin kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun yarda. Ku yi lissafin da kanku: kashi biyu cikin uku na 30 shi ne 20. Mutum ashirin kacal, ba su kai rabin ajinmu ba! Amma ashirin ɗin nan ba su da ikon taɓa kujerar Jahun. Shi ya sa a 2017 ya sauka daga shugabanci ya koma cikin sahu, kamar monitan da aka sauke amma ba a kore shi daga aji ba. A zaɓen 9 ga Maris, 2019, mutanen Jahun suka sake tura shi Dutse.

Ita kujerar mazaɓa, hanyar da talakawa za su karɓe ta kafin wa'adi ya cika ita ce kiranye, kuma hanya ce mai wuya. Sai fiye da rabin waɗanda suka yi rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar jin ra'ayi cikin kwana 90. A lura, rabin masu rajista aka ce, ba rabin waɗanda suka fito ranar zaɓe ba. Shi kuwa cin zaɓen ya fi haka sauƙi a lissafi: wanda ya fi kowa yawan ƙuri'a ya ci, ko da tazarar kaɗan ce. Ba kamar gwamna ba, wanda sai ya haɗa da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. Gwamna kuma sau biyu kawai ake zaɓarsa, ɗan majalisa kuwa ba a yi masa iyaka ba. Wa'adinsa shekara huɗu ne, yana iya sake tsayawa sau nawa ya ga dama, in jam'iyyarsa ta tsayar da shi a zaɓen fidda gwani.

Wata 'yar ajinmu ta ce, “To mu ina ruwanmu, tunda ba ma zaɓe?” Ruwanmu kuwa har da tsaki. Duk shekara gwamna yakan kai kasafin kuɗi gaban majalisa, kuma sai ta amince kafin a kashe. Kuɗin gyaran rufin da yake yoyo da damina, da na bencina, da na ɗaukar sababbin malamai, duk ta wannan zauren suke bi. Kwamishinan ilimi ma sai majalisa ta tantance shi kafin ya kama aiki, kuma tana iya kiransa ya zo ya yi bayani. Idan wakilinmu ya yi shiru ranar da ake maganar ilimi, mu da muke zaune huɗu-huɗu a benci ɗaya mu ne za mu ji a jikinmu.

Saboda haka a ganinmu, in ana ba da tarihin ɗan majalisa, bai isa a ce ya ci zaɓe sau kaza ba. Mutum yana iya ci don farin jinin jam'iyyarsa a wannan shekarar, ko don ya raba shinkafa da atamfa. Tsarin mulki ya ce majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Kwana nawa ya halarta? Wane ƙudiri ya kawo? A wane kwamiti yake, kuma me ya faɗa da aka zo kan makarantu? Mu waɗannan tambayoyin sun fi burge mu a kan hoton fosta.

Mu 'yan shekara 13, saura shekara 5 mu yanki katin zaɓe. Tun 31 ga Mayu, 2018, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun takara, ɗan shekara 25 yana iya neman majalisar jiha, maimakon 30. Ana kuma buƙatar ya yi karatu har matakin kammala sakandare, wato karatun da muke kai yanzu.

Ga aikin wannan makon. Da gangan muka ƙi rubuta sunan ɗan majalisarmu a nan. Kowa ya tambayo a gida: sunansa, jam'iyyarsa, da shekarar da ya fara shiga majalisa. 'Yan Roni da Gwiwa da Babura da ke tare da mu su kawo na mazaɓarsu. A rubuta a takarda, a jefa a akwatin ƙungiya da ke bakin ofishin malamai kafin ranar Alhamis. Ajin da ya fi kawo amsa daidai za mu liƙa sunansa a wannan allon mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.