Mota Ta Kwanta, Bashi Bai Kwanta Ba

'Ya'yana direbobi, tun da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 hanya ta fara farfaɗowa, kuma na ga da yawanku sun karɓi Golf da Sharon a kan biya sannu-sannu. An ajiye kafin alƙalami, ana zubi duk mako. Allah Ya sa albarka. Sai dai wata rana inji zai buga ko giya ta ƙi shiga, ga zubin Juma'a yana ƙaratowa, aljihu ba ko sisi.

Abin da na fi ji muku tsoro shi ne a lallaɓa motar a sake ɗora ta kan hanya don kada zubi ya wuce. A wani gari, mota in ta mutu a tsakar hanya asarar lokaci ce. A nan kuwa kun san tsakanin Buruku da Udawa, kun san hanyar Funtuwa ta Dogon Dawa, kun san abin da dajin Kamuku ya ɓoye shekara da shekaru. An samu sauƙi, mun gode Allah, amma ba a kai ga a tsaya da mata da yara a bakin daji bayan Magariba ana jiran lagireto ya huce ba. Rayukan da ke bayanka sun fi zubin mako guda.

Ranar da ta lalace, ranar za ka je wurin mai motar. Kada ka kashe waya, kada ka sauya hanya in ka hango shi a kasuwa. Mai kuɗi yakan yi haƙuri da wanda ya zo da ƙafarsa, amma da wuya ya yafe wa wanda ya yi ta nema. Ka tafi da dattijo ɗaya daga ƙungiyar direbobi, da bakaniken da ku duka biyu kuka yarda da shi, domin tambayar farko ita ce: ciwon nan tsoho ne ko a hannunka ya samu?

A kan wannan tambaya komai ya rataya. In bakanike ya buɗe ya tarar an taɓa yi wa injin kwaskwarima aka rufe aka ba ka, to malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayani: wanda aka ɓoye wa aibi yana da zaɓin mayar da kaya. Ka yi magana nan take, don in ka gani ka ci gaba da aiki da ita, za a ce ka yarda. In kuwa kai ne ka bar ta ba baƙin mai, ko kana jibga mata buhunan masara fiye da ƙarfinta, gyara naka ne, ɗana. Ka nemi a ɗaga maka zubi na 'yan makonni, ko mai motar ya sayo injin Baljiyam a Panteka ta Kaduna a ƙara kuɗin a kan bashin, ba tare da an ɗora ruwa ba. In gyaran ya kusa cinye abin da ya rage maka, ku zauna a warware cinikin cikin mutunci, ko a samo wani direba ya karɓa da yardar mai ita, a lissafa abin da ka zuba.

Akwai kuma dokar ƙasa, wadda yawancinku ba ku taɓa ji ba. Dokar hayar saye ta 1965 ta ce in ka biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, mai ita ba zai ƙwace ta da ƙarfi ba sai ta hanyar kotu, ko da yake in zubi uku suka taru a kanka yana iya ajiye ta a wurinsa kafin a yanke hukunci. Amma yaya za ka nuna ka biya, alhali cinikin a baki aka yi shi a gindin bishiya? Ku riƙa rubutawa. Kowane zubi da ranarsa da sa hannu. Rubuta bashi umarni ne na addini, ba rashin yarda ba ne.

Abu ɗaya ne nake roƙon ku kada ku kusanta: sayar da motar a ɓoye, ko cire mata kaya a kai 'yan gwangwan. Kafin zubin ƙarshe motar ba taka ba ce, amana ce a hannunka, kuma cin amana yana kai mutum gidan yari. Wanda ya tsaya maka a ranar ciniki, wataƙila kawunka ne ko surukinka, shi za a fara kamawa, kuma babu mai sake miƙa wa ɗan gidanku makulli a tashar nan.